Ai Kankana Ce Ta Faɗi

Yabon gwani ya zama dole, ko da waɗanda ya yi wa alheri sun butulce masa. A ƙasar Ingila akwai wani kamfani mai suna Cuadrilla wanda ya shafe shekara goma da ɗoriya yana faɗi-tashin azurta mutanen gundumar Lancashire da iskar gas ɗin da ke binne a ƙarƙashin gonakinsu, su kuwa suna zaune a bakin ƙofarsa da butar shayi suna cewa ba sa so. Tun da 'yan jaridar ƙasarsu sun ƙi yi masa adalci, bari mu sauke nauyin daga nan nesa. Mu haɗa da ministocin da suka tsaya masa tsayin daka, waɗanda suka gwada wa duniya yadda ake sauraron talaka cikin ladabi har ya gama maganarsa, sannan a yi abin da aka shirya tun farko.

Sana'ar da kamfanin ya zo da ita sunanta firakin, kuma ba ta da wuyar ganewa. Can ƙasa, zurfin kilomita biyu ko fiye, akwai wani dutse mai falle-falle da ake kira shel, wanda ya ƙunshe gas a jikinsa ya ƙi saki. Rijiyar mai irin ta da, da an huda sai abin ya taso da kansa. Wannan kuwa marowaci ne, sai an matsa masa. Sai a haƙa rami a miƙe har a cim masa, a karkata bakin injin ya bi dutsen a kwance, sannan a ɗura ruwa haɗe da yashi da sinadarai da ƙarfin da zai tsattsaga shi. Yashin ya maƙale a tsagar don kada ta koma ta haɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan sai dutse ya tsage gas ke samun wurin fita. Rijiya ɗaya a Amurka takan shanye miliyoyin litar ruwa, wani kaso ya dawo sama ɗauke da gishiri da dauɗar ƙarƙashin ƙasa, har da ɗan abin da kan sa na'urar auna gubar nukiliya ta motsa. Duk wannan dai ba a ƙofar gidan minista ake yi ba, saboda haka ba wani abin tashin hankali.

A Texas aka samo bakin zaren. Wani attajiri, George Mitchell, ya yi ta zuba kuɗi a gwaji har ma'aikatansa suka dace a wajajen 1998, kuma cikin shekara ashirin Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen haƙo mai da gas. Mu ma nan mun shaida albarkar abin. A da Amurka na sayen kusan ganga miliyan ɗaya ta ɗanyen man Najeriya kullum, amma a watan Yulin 2014 ko ganga ɗaya ba ta saya ba. An hutar da mu wahalar lodi.

Ba fasaha kaɗai Amurkawa suka koyar ba, har da ladubban zama da maƙwabci. A Fabrairun 2014 wata rijiyar gas ta kamfanin Chevron ta yi bindiga kusa da ƙauyen Bobtown a jihar Pennsylvania, ma'aikaci ɗaya ya mutu, wuta ta yi kwanaki tana ci. Kamfanin bai nuna halin ko-in-kula ba, ya bi gidajen maƙwabta ya raba musu takardar karɓar gurasar fiza guda da lemon roba mai lita biyu, kyauta. Kai da ke karanta wannan, wa ya taɓa ba ka ko ruwan leda don ya tayar maka da hankali? A garin Denton na Texas kuma jama'a suka jefa ƙuri'a a Nuwamban 2014 suka haramta firakin a cikin garinsu, ba a kai wata bakwai ba majalisar jihar ta yi doka ta karɓe wa garuruwa wannan iko, don kada su riƙa cutar kansu da zaɓe. Shi kuwa Rex Tillerson, shugaban ExxonMobil na lokacin, an ga sunansa cikin masu ƙarar da ke neman hana gina wani dogon tankin ruwa kusa da gonarsa, kuma takardar ƙarar ta ambaci hayaniya da zirga-zirgar manyan motocin da za su riƙa jidar ruwa zuwa wuraren firakin. Lauyansa ya ce darajar gonar ce ta dame shi, ba firakin ba. Ni na yarda da lauyan. Darajar gida abin damuwa ce ƙwarai, in gidan na babban mutum ne.

Da wannan tarbiyya Cuadrilla ya iso yammacin Lancashire, ƙasar masu kiwon shanun madara a bayan garin Blackpool na bakin teku. A farkon 2011 ya gwada firakin a wata rijiya a Preese Hall. Ranar 1 ga Afrilu ƙasa ta motsa, maki 2.3 a ma'aunin girgizar ƙasa. Ranar 27 ga Mayu ta ƙara, maki 1.5. Da wani kamfanin ne sai ya ɗora wa aljanu. Wannan kuwa da kuɗinsa ya ɗauko masana, suka bincika suka ce mafi rinjayen zato aikinsa ne ya jawo. Kuma tun kafin rahoton ya fito, a watan Satumba, ya yi wa jama'a albishir cewa akwai gas kubik fit tiriliyan 200 a ƙarƙashinsu. Wane mai hankali ne zai tsaya kukan kofin shayinsa ya girgiza a kan tebur alhali yana zaune a kan tiriliyan 200, ko da bai san tiriliyan ɗin mene ne ba?

Gwamnati ta dakatar da aikin, a Disambar 2012 ta sake buɗe ƙofa bisa sharaɗin cewa duk sanda girgiza ta kai maki 0.5 a tsaya a huta. Kamfani ya yi maraba da komawa aiki a kan haka. A riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani can gaba.

Daga nan sai manya suka shigo, kuma a nan ne mutum zai ga abin da ake kira zumunci. Firayim Minista David Cameron ya ce gwamnatinsa za ta shiga harkar da ƙarfinta duka, yana ambaton ayyukan yi 74,000. Ministan kuɗinsa George Osborne ya yi alkawarin rage harajin wani kaso na ribar masu firakin daga kashi 62 cikin ɗari zuwa kashi 30, yana alfahari cewa babu ƙasar da za ta fi su sauƙi. Lord Browne, tsohon shugaban BP, shi ne shugaban hukumar daraktocin Cuadrilla, kuma a daidai lokacin yana riƙe da babban muƙamin mai ba da shawara a ofishin majalisar ministoci. Masu mugun zato suka yi ta gunaguni. Ni kuwa tattali na gani, domin in kamfani na da saƙo zuwa ga gwamnati ba sai an ɓata kuɗin mota ba.

Amma gwarzon wannan babi shi ne Lord Howell, surukin Osborne a lokacin, mahaifin matarsa. A Yulin 2013 Cuadrilla na shirin haƙar gwaji a ƙauyen Balcombe da ke kudu, ƙasar masu hannu da shuni, jama'a sun yi dafifi suna zanga-zanga, har daga baya aka kama 'yar majalisa Caroline Lucas a wurin. Dattijon ya miƙe a majalisar dattawan Birtaniya ya kawo mafita. Ya ce lallai akwai damuwa game da wurare masu kyan gani, amma ai a arewa maso gabas akwai manyan kufai da ba kowa, a je can a yi. Mutanen arewa maso gabas, waɗanda ashe akwai su, suka yi masa ca. Ya nemi afuwa kamar yadda ya kamaci dattijo, sannan ya yi gyara: tuntuɓen harshe ne, arewa maso yamma yake nufi. Wato Lancashire. Ba kowane babba ne zai ɓata wa yanki ɗaya rai, ya dawo ya yi adalci ya raba ɓacin ran da maƙwabtansu ba.

Akwai wani ɗan cikas na doka. A Birtaniya mai da gas na gwamnati ne duk inda suke, amma tsohuwar doka ta ce ba a ratsa ƙarƙashin filin mutum sai da izininsa. Tun da ramin firakin a kwance yake tafiya, ka ga ke nan kowane mai gida na iya tare hanya. A 2014 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a kan soke wannan izini. Amsoshi sama da 40,000 suka shigo, kashi 99 cikin ɗari suka ce a'a. Gwamnati ta karanta, ta gode musu, ta sa abin cikin dokar 2015: daga zurfin mita 300 zuwa ƙasa ba ruwan mai gida. Wasu sun kira wannan raini. Sun manta cewa ana gane dimokuraɗiyya ta ƙwarai ne da yadda take kare 'yan tsiraru, kuma ban san tsirarun da suka fi kashi ɗaya cikin ɗari buƙatar kariya ba.

Haka nan aka kare jama'a daga sanin abin da zai hana su barci. Ma'aikatar muhalli ta rubuta rahoto kan tasirin firakin ga tattalin arzikin karkara. Da aka matsa a 2014 sai ta fitar da shi an bi layi-layi an shafe. Cikakkensa bai fito ba sai ranar 1 ga Yulin 2015, aka ga ashe a ciki an yi hasashen farashin gidajen da ke cikin mil ɗaya da rijiya na iya faɗuwa har da kashi 7 cikin ɗari. Kwana biyu kafin nan, ranar 29 ga Yuni, kansilolin Lancashire suka yanke hukunci kan buƙatar Cuadrilla ta haƙa a gefen titin Preston New Road, kusa da ƙauyen Little Plumpton. An tausaya musu ne, ba a ɗora musu nauyin karatu ana gobe jarrabawa ba.

Duk da wannan gata, kansilolin suka ƙi. Majalisar ƙauye ta ƙi, ƙaramar hukumar Fylde ta ƙi, dubban mutane sun rubuto wasiƙar ƙi, majalisar gunduma ita ma ta ƙi, wai hayaniya da ɓata kyan karkara, alhali ma'aikatanta na tsare-tsare sun ba da shawarar a amince. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

A nan sai na roƙi mai karatu ya dubi wata hikima da ba kowa ke lura da ita ba. A cikin wannan wata na Yunin 2015 ɗin, gwamnatin Cameron ta sanar cewa daga yanzu ba za a kafa injin samar da lantarki daga iska a karkara ba sai mutanen wurin sun goyi baya, domin su ne masu maganar ƙarshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce kuma gwamnatin da tun 2011 ta yi doka sukutum kan mayar da iko hannun jama'ar gari. To ga mutanen gari sun yi magana a kan firakin. Ranar 6 ga Oktoban 2016 minista Sajid Javid ya soke hukuncin kansilolin daga Landan, ya ba Cuadrilla izini. Kada wani ya ce an yi tufka da warwara. Baƙauye yana da ilimin da zai gane cewa farfelar iska ta tsone masa ido, tun da a sama take, yana ganinta. Amma abin da ke faruwa kilomita biyu a ƙarƙashin ɗakin kwanansa ya fi ƙarfin tunaninsa, sai wanda ke zaune a nisan kilomita ɗari uku da wani abu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Yanzu bari mu zo kan masu laifi. Tun a Agustan 2014 wasu mata, yawancinsu iyaye da kakanni, suka tsallaka shinge da asuba suka kafa tantuna a wani fili a gefen titin Preston New Road, suka yi mako uku. Suna kiran kansu Nanas, wato kakanni. Kayan yaƙinsu rigar aikin gida mai ruwan ɗorawa, da ɗankwali, da shayi, da kek. Dalilansu kuwa duk na tsofaffin mata ne. Wai sun ji labarin ƙauyen Dimock a Pennsylvania inda gas ya shiga rijiyoyin ruwan sha tun 2009 bayan an fara haƙa a kusa. Wai iskar mitan da ke tsiyaya daga rijiyoyin gas ta ninka hayaƙin kabon fiye da sau 80 wajen ɗumama duniya a cikin shekara ashirin na farko. Wai jikokinsu. An gaya musu gas ya fi kwal tsabta in an ƙona shi, kuma gaskiya ne. An gaya musu manyan masanan ƙasar sun ce a 2012 ana iya shawo kan haɗarin in an sa ido sosai, shi ma gaskiya ne. Sai suka tsaya tambayar wa zai sa idon, kuma in ya gani wa zai gaya wa. Ka ji taurin kai. Game da Dimock ɗin ma ai an yi gyara: a Nuwamban 2022 kamfanin da ya gaji masu haƙar bai musa tuhumar da aka yi masa ba, ya amince ya biya kimanin dala miliyan 16 a ja musu ruwan famfo. Shekara goma sha uku ce kawai suka yi jira.

Cuadrilla bai yi fushi da kakannin ba, kotu ya je kamar kowane mai bin doka. Aka ɗora wa ɗaya daga cikinsu, Tina Rothery, kuɗin shari'a fam 55,000. Ta ce ba ta biya. Aka kai ga maganar ɗauri, a Disambar 2016 alƙali ya sallame ta. Ba dai duk mutanen yankin ne marasa godiya ba, a faɗi gaskiya. Akwai manoman da suka ba da hayar fili, kuma a 2016 da 'yar fim Emma Thompson ta zo filin tana gasa kek don nuna adawa, wani manomi ya zagaye taron da tarakta yana fesa ruwan kashin shanu. A duk tsawon muhawarar nan, wannan ce amsa mafi gamsarwa da ɓangaren firakin ya bayar, tun da kowa ya tafi gida da ita a jikinsa.

Aka fara aiki a Janairun 2017, kuma daga ranar bakin ƙofar bai sake rabuwa da mutane ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Wasu su zauna a titi, wasu su ɗaure hannuwansu cikin bututu su kwanta, mata su sa fararen kaya su yi tattaki shiru. 'Yan sanda suka yi aikinsu da himma, har rundunar Lancashire ta amsa cewa ta miƙa wa ma'aikatar da ke biyan tallafin naƙasassu bayanan wasu naƙasassun da ta gani a zanga-zanga. Wannan ai kulawa ce. Wanda ke da ƙarfin cewa a'a, ya kamata a duba ko da gaske yake ba shi da lafiya.

A Yulin 2017 wasu maza suka haye kan manyan motocin da ke kawo kayan haƙa, suka ƙi sauka har kusan kwana huɗu. A Satumban 2018 kotu a Preston ta ɗaure uku daga cikinsu, biyu wata 16, ɗaya wata 15. Ɗaya masanin ƙasar noma ne, ɗaya malamin makaranta, ɗaya mai gyaran kayan kiɗan fiyano. Al'umma ta yi barci da ido biyu rufe, an kawar mata da mai gyaran fiyano. Abin takaici kotun ɗaukaka ƙara ta ɓata shirin ranar 17 ga Oktoba, ta ce hukuncin ya wuce kima ƙarara, ta sake su. Sai dai kafin nan da kwana biyu, ranar 15 ga wata, an riga an kunna injin firakin, karo na farko a ƙasar tun 2011. Aƙalla dai an yi bikin buɗewa suna ciki.

To ana wata ga wata. An gama da kansila, an gama da kaka, an gama da mai fiyano, sai ga wata 'yar adawa da ba a san ofishinta ba balle a kai mata sammaci. Ƙasa ta fara motsi. Yau 0.8, jibi 1.1, kowane karo doka ta ce a tsaya awa 18. Ranar 11 ga Disamba ta kai 1.5. A nan kamfanin ya nuna baiwar da ni a ganina ta fi ta haƙa rami, wato baiwar kwantar da hankali. Ya kafa hujja da wani bincike na Jami'ar Liverpool ya ce motsin da za a ji a sama bai wuce a ce kankana ta suɓuce ta faɗi ƙasa ba. Allah Ya ba mu masu magana irin wannan. Shekaru aru-aru 'yan Adam na tsoron girgizar ƙasa, ashe a teburin mai kayan marmari maganin yake.

Shugaban kamfanin, Francis Egan, ya yi ta roƙo a ɗaga ma'aunin daga 0.5, yana cewa ba mai iya kasuwanci a haka, kuma a wasu ƙasashe an fi sassauci. Wannan shi ne sharaɗin nan da aka yi maraba da shi a 2012, amma ai lokacin ba a san za a kai shi ba. A farkon 2019 kamfanin ya bayyana cewa cikin gaɓoɓi 41 na rijiyar farko, biyu kaɗai ya samu ya fasa yadda yake so. Kwamishinar da gwamnati ta naɗa don harkar, Natascha Engel, ta ajiye aiki a watan Afrilu saboda an ƙi ɗaga ma'aunin. Ita dai ta gane gaskiyar da masu taurin kai suka kasa ganewa, cewa in ma'auni ya cika kawo mugun labari, ma'aunin ne ke da matsala.

A watan Yunin 2019 Birtaniya ta kafa doka cewa nan da 2050 za ta daina ƙara wa sararin sama hayaƙi mai ɗumama duniya, ƙasashe suka tafa mata. A tsakiyar Agusta Cuadrilla ya fara fasa rijiya ta biyu. Ranar 21 ga wata aka samu maki 1.55, kamfanin ya ce kamar babbar jakar cefane ce ta faɗi. Ka ga an samu ci gaba, daga kankana ɗaya an kai cefanen gida. Ranar 24 aka samu 2.1. Ranar Litinin 26 ga Agusta, ranar hutu, da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, ƙasa ta ba da 2.9. Wanda bai san yadda ma'aunin yake ba zai ce tsakanin 0.5 da 2.9 ba nisa, amma kowane maki ɗaya ninki goma ne, saboda haka motsin ya ninka iyakar da aka sa kusan sau 250. An ji shi a Blackpool da Lytham St Annes, mutane kusan 200 suka kai rahoton tsagewar bango da makamantansu ga hukumar binciken ƙarƙashin ƙasa. Wannan karon ban ji an ambaci kayan kasuwa ba. Wataƙila ana ta lissafin ko buhu nawa ne.

Ranar 2 ga Nuwamban 2019 gwamnatin Boris Johnson ta dakatar da firakin a Ingila, bayan hukumar mai da gas ta ce ba a iya hasashen girman girgizar da zai haifar. Masu mugun zato sun lura cewa saura ƙasa da mako shida a yi babban zaɓe, kuma jam'iyya mai mulki na zawarcin kujerun arewacin Ingila, kufan nan da ba kowa. Ni ban yarda da wannan fassara ba. Abin da ya faru shi ne gwamnati mai ladabi ce, tana ba babba girmansa. Mutum 40,000 sun yi magana ta yi haƙuri, majalisu uku sun yi magana ta yi haƙuri, kakanni sun kusa shekara uku a bakin titi ta yi haƙuri. Amma dutsen nan ya haura shekara miliyan 300, ya girmi kowa a Lancashire, da ya yi gyaran murya sai aka miƙe tsaye.

Masu binciken kuɗin gwamnati sun fitar da lissafi a Oktoban 2019. A 2016 an yi hasashen kafin tsakiyar 2020 za a fasa rijiya har 20, an fasa uku. Hukumomi sun kashe aƙalla fam miliyan 32.7 na jama'a a kan harkar tun 2011, ciki har da miliyan 13.4 da rundunonin 'yan sanda uku suka kashe wajen tsaron wuraren haƙa. Daga rijiyoyin Preston New Road kuwa ba a sayar wa ko gida ɗaya gas ɗin dafa shayi ba. Wasu za su ce ina ayyukan yi 74,000? Su je su tambayi 'yan sandan da suka sha kuɗin ƙarin lokaci, da lauyoyi, da masu sayar da shinge. Cuadrilla gagara kansila, mai rijiyar da ba a zura mata guga, haƙa naka, biyan gadi na talakawa!

Da a nan labarin ya ƙare da an ce abin ya mutu ba magaji. Sai Rasha ta auka wa Yukren a 2022, farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, Liz Truss ta hau mulki a Satumba ta ɗage haramcin, tana cewa cikin wata shida gas na iya fara gudana. Ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng shi ne wanda watanni kaɗan kafin nan ya rubuta cewa firakin ba zai sauko da farashi ba, domin kamfanoni a farashin kasuwar duniya za su sayar. Chris Cornelius, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Cuadrilla, ya fito ya ce duwatsun Birtaniya sun cika karaya da murɗewa, abin ba zai yiwu ba. Wannan duk bai karya gwiwar ministan makamashi Jacob Rees-Mogg ba. Ya ce jure ƙarin haɗari da damuwa yana cikin maslahar ƙasa, bai dai fayyace wa zai yi jurewar ba. Ranar 19 ga Oktoba aka kaɗa ƙuri'a kan batun a majalisa, aka yi hargitsi har wasu 'yan majalisa suka ce sun ga ana jan 'yan'uwansu zuwa wurin ƙuri'a. Gwamnati ta yi nasara a daren, washegari Truss ta sanar da murabus. Ranar 26 ga wata Rishi Sunak ya mayar da haramcin. A tarihin haƙar ma'adinai ban san wata rijiya da ta taɓa fitar da firayim minista ba sai wannan, kuma a zurfin da ba a kashe ko sisi ba.

A 2025 aka shiga ɗura wa rijiyoyin biyu siminti, wanda shi ma aikin yi ne, a ƙara a lissafi. Sai dai ina ganin an yi gaggawar yanke ƙauna. A wancan Oktoba na 2022, a taron jam'iyyarsu, an tambayi Rees-Mogg ko zai yarda a yi firakin a lambun bayan gidansa, ya ce da farin ciki ma kuwa. Gidan nasa na Somerset ne, can kudu maso yamma. Shekara goma ana neman mai gida ɗaya da zai ce bismillah da bakinsa, ba sai an soke hukuncin kansila ko an ɗaure mai gyaran fiyano ba, ga shi an samu, kuma har yau ba wanda ya kai masa ko ma'aunin girgizar ƙasa balle injin haƙa. Wannan sakaci ne, kuma shi kaɗai ne laifin da na kama kamfanin da shi.